Garin kaurara jel da na saya ya fito da yauƙi: zantan ne kuwa, ko wani abu aka ba ni?

Maman_Nabila_Mabera
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Masu haɗa kayan gyaran jiki don Allah ku agaza mani, tun jiya raina a ɓace yake. Wata shida ke nan ina yin jel na alobera, na shafa fuska da na kwantar da gashi, ina sayarwa a gida. Garin da nake kaurarawa da shi zantan ne, ƙawata ta taho mani da shi daga Kano. Giram 1 nake sawa cikin giram 100, ya fito garau, kana hango yatsanka ta bayan kwalba. Da ya ƙare na aiki yaro wani shagon kemikal nan cikin gari, aka ba shi a farar leda an rubuta zantan da biro. Awon nan ne, ruwan nan ne, ban canja komai ba. Amma abin da ya fito dishi-dishi ne kamar ruwan wankin shinkafa, ga yauƙi kamar miyar kuɓewa, in na ɗaga cokali sai ya biyo shi da zare. Na koma shagon da ƙafata, mai shagon ya rantse zantan ne, wai duk ɗaya ne. Rabin kilo na saya. Cutata aka yi ne, ko dama zantan ɗin iri-iri ne? Kuma yaya mutum zai gane tun bai zuba kuɗinsa ba?

Anti_Mai_Sabulu
Wa alaikumus salam. Maman Nabila ina jin CMC ya ba ki, garin da muke kaurara sabulun ruwa da shi. Sun saba, saboda ta fi arha, kuma a leda duk fararen gari ne. Mu masu sabulun ruwa mun san halinta.

Ummu_Hafsa_Arkilla
Anti ki yi haƙuri, ban yarda CMC ce ba. CMC mai kyau garau take fita in ta gama jiƙa. Dishi-dishi tare da zare alamar zantan ne, na gama-gari wanda ake sa wa abinci. Ni ma ya taɓa faruwa da ni bara.

Malam_Kimiyya
Salamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, uwargidana kuma tana wannan sana'a, kusan duk gwajinta ni nake auna mata. Hajiya, mai yiwuwa mai shagon bai yi maki ƙarya ba wajen suna, inda ya kuskure shi ne cewa duk ɗaya ne.

Zantan ba daga itace ake samun shi ba. Wata ƙwayar bakteriya ce, Xanthomonas campestris, ake ciyar da ita sukari a manyan tankuna, ta fitar da majina mai kauri, a tsamo ta da alkohol, a busar, a niƙa. Masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka ne suka gano shi a shekarun 1950, aka fara sayar da shi a farkon shekarun 1960. A jikin kayan abinci lambarsa E415. To ragowar gawar ƙwayoyin nan da ke cikin garin ita ke sa ruwa ya yi dishi-dishi. Akwai wanda kamfani ke ƙara tacewa ya cire wannan ragowar, shi ne mai fita garau, kuma ya fi tsada. Akwai kuma wanda aka sarrafa don ya rage zare, ya yi laushi a fata. Alamu sun nuna na farkon da kika samu tatacce ne, na biyun kuma na gama-gari.

Sai batun niƙa. A jikin buhu za ki ga 80 ko 200, lambar rariyar da aka tankaɗe shi ce. Mai 200 ya fi laushi, yana jiƙa da sauri amma ya fi saurin gudaji. Mai 80 ya fi tsaki-tsaki, yana ɗaukar lokaci amma ya fi sauƙin damawa. Wannan lamba ba ta da alaƙa da fita garau, mutane da yawa suna haɗa biyun.

Maman_Nabila_Mabera
Allah ya saka da alheri Malam. To ke nan ba zai cutar da fata ba?

Malam_Kimiyya
In na abinci ne ba ya cutarwa, kyan gani ne kawai ya ragu. Wanda za a guje wa shi ne na masana'antu, irin wanda ake zubawa a ruwan haƙar rijiyar mai. Shi ba a tsabtace shi don jikin mutum ba. Shi ya sa ganin buhun ke da muhimmanci.

Hajiya_Inno_Gidadawa
Ɗiyata Maman Nabila, ni mamaki nika yi. Yauƙin ga da kike gudu, mu shi munka taso muna nema. Karkashi a jiƙa shi ga ruwa, a murza, a tace, a wanke kai da shi, gashi ya warware ba ka jin zafin tsifa. Kuɓewa ma hakanan. Yanzu an koma sayen yauƙi ga leda, kuma ana kukan ya yi yawa. Ku riƙa tunawa da na gida.

Zee_Kitso_RunjinSambo
Gaskiya ne Inna, har yau ina wanke wa masu zuwa kitso kai da karkashi. Amma na yau na yau ne, in ya kwana biyu a wannan zafin sai wari. Ba abin da za a ɗura a roba a kai shago ba ne. Kuma 'yan mata yanzu in ba su ga jel garau kamar na kanti ba, ba za su saya ba ko ya fi amfani.

Anti_Mai_Sabulu
Na ji bayanin Malam, na kuma karɓa. Amma ina nan kan bakata cewa ana musanya garin nan. Ni an taɓa ba ni CMC a matsayin Natrosol, na zuba a bokitin lita 20 ta dunƙule kamar tuwon da aka saka gari ruwa bai tafasa ba, sai da ta kwana kafin ta narke. Natrosol na gaskiya in ka barbaɗa a ruwa bajewa yake ba gudaji, ruwan ya zauna tsululu kamar ba a sa komai ba, sai can ya fara kama jiki. Ita ma CMC ɗin ba ɗaya ba ce. Akwai ta abinci, fara tas, akwai ta omo da sabulu mai ɗan ruwan ƙasa-ƙasa wadda ke da gishiri a ciki. Wannan ta biyun kada wadda ta kai ta fuska.

Abdul_UDUS
Ƙari kan maganar Anti: Natrosol sunan kasuwa ne na kamfanin Ashland, ainihin sunan garin HEC, daga sinadarin jikin itace da auduga ake yin shi, kamar CMC. Wanda aka fi kawowa an rubuta 250 HHR. Harafin R ɗin nan shi ke nuna an yi masa abin da zai jinkirta jiƙarsa don kada ya yi gudaji. In kana gaggawa, ɗumama ruwan ko ɗan ɗaga pH ɗinsa, wato rage tsaminsa, zai sa ya kama da wuri. CMC kuma tana da mai kauri kaɗan, matsakaiciya da mai kauri sosai, ana rubuta LV, MV, HV. Mutum zai sayi LV ya yi ta zubawa ya ce jabu ce, alhali ba aikinta ke nan ba.

Maman_Twins_Dandima
Ni dai ku bar wahalar da kanku, ku sayi kabomar. Tun lokacin korona a 2020 da muka koyi haɗa sanitaiza nake amfani da shi. Rabin giram cikin 100 ya ishe ki, ya fito kamar gilashi, ba yauƙi ko kaɗan.

Ummu_Hafsa_Arkilla
Maman Twins kin manta alobera take sawa. Na gwada kabomar da ruwan alobera da na fere da hannuna. Jel ya haɗu gwanin sha'awa, ina zuba aloberar ina juyawa ya tsinke a gabana ya koma ruwa. Na ɗauka hannuna ne, na sake, haka ya ƙara yi. Kofi biyu na zubar ranar.

Malam_Kimiyya
Abin da Ummu Hafsa ta gani shi ne raunin kabomar: ba ya jure gishiri. Ruwan alobera yana da gishirin ma'adinai a cikinsa, ruwan rijiya da na burtsatse ma haka. Zantan kuwa bai damu da gishiri ba, bai damu da tsami ba. Wannan bambancin ma shi ne hanya mafi sauƙi ta gane su.

Ga yadda muke yi a gida duk lokacin da sabon gari ya shigo. Ba ma taɓa babban haɗi sai mun gwada giram 100. A kofin gilashi a sa giram 1 na garin, a dama shi da giram 3 na giliserin har ya zama kamar ƙullun koko, sannan a zuba ruwa giram 96 ana juyawa. Kamar damun kamu ne, da ruwan sanyi ake kwance shi kafin a zuba tafasasshe, in ba haka ba gudaji. Giliserin shi ke raba ƙwayoyin garin kafin ruwa ya taɓa su.

Sai a zauna a kalla. In ya yi kauri nan take, in an girgiza ya gudana, in an ajiye ya tsaya cak har kumfar iska ta maƙale a ciki ba ta tasowa, zantan ne. In ya zauna tsululu kusan rabin awa sannan ya kama, ya fito garau, HEC ne. In garin ba shi da nauyi, yana tashi kamar toka yana manne wa cokali da leda, yana ɗan warin tsami, kuma a ruwa bai yi wani kauri ba sai da aka ɗiga masa TEA, wani ruwan kemikal mai kashe tsami, ko ruwan soda, to kabomar ne. A ɗebi cokali ɗaya a barbaɗa gishirin miya: kabomar zai tsinke, zantan zai tsaya. In garin ya ɗan yi ruwan madara, yana warin ɗanyen wake, ruwan kuma ya yi duhu-duhu, guwa ne, wanda ake samu daga irin wani wake da aka fi nomawa a Indiya da Pakistan.

Na ƙarshe, a ɗiga aidin, irin na wanke ciwo. In ya koma shuɗi mai duhu, an gauraya garin da sitaci ko fulawa.

Sadiya_Gwiwa
Malam wannan na ajiye shi. Amma mu da ba mu da sikeli fa? Cokalin shayi nake amfani da shi.

Abdul_UDUS
Yaya Sadiya cokali zai yaudare ki. Cokali ɗaya na kabomar bai kai rabin nauyin cokali ɗaya na zantan ba, saboda shi iska ce ta yi masa yawa. Ki nemi ƙaramin sikelin nan na masu gwal mai auna 0.01, masu kayan waya ma suna sayarwa.

Alhaji_Mai_Ƙaro
Salamu alaikum. Matata ce ke cikin wanga zaure, ta ce in yi magana tunda sana'ata ta shigo. Ni ƙaro nika saye da sayarwa shekaru da dama. Ku da kuke neman abin waje, ku sani Turawa wurinmu suka sayen nasu. Ƙaro daraja uku muka kasa shi. Na ɗaya na ɗakwara, dunƙule-dunƙule, mai tauri, mai haske, ba ya da wari. Na biyu na dushe, shi ya fi saurin farfashewa kuma ya fi ja. Na uku gauraye na wasu itatuwa, shi ya fi duhu da datti. Da rani aka tsaga itacen, bayan 'yan makonni a zo a tsince. Borno da Yobe da Jigawa sun fi kowa a ƙasar ga, Sudan kuma ita ta fi duniya. Malaman allo da shi suka haɗa tawada tun kakanni. Mi zai hana ku gwada?

Maman_Nabila_Mabera
Sannu da zuwa Alhaji, mun gode. Wallahi na taɓa jiƙa ƙaro, na zuba har cokali biyar bai yi kauri ba, sai danƙo kawai a hannu.

Malam_Kimiyya
Haka halinsa yake. Ƙaro, wato E414, ana iya narka shi da yawa sosai a ruwa yana nan yana gudana, don haka ba a dogara da shi wajen kauri. Aikinsa shi ne in ya bushe ya bar siririn rufi a kan gashi ko fata, abin da ke riƙe tawada a jikin allo ke nan. Amma shawarar Alhaji tana da tushe. Kamfanin Seppic na Faransa yana sayar da gari da aka haɗa ƙaron ɗakwara da zantan, don a samu kauri ba tare da zare mai yawa ba. Hajiya ki gwada rage zantan ɗinki zuwa rabin giram, ki ƙara giram 1 na ƙaro mai daraja ta ɗaya da kika jiƙa kika tace da ƙyalle mai laushi.

Zee_Kitso_RunjinSambo
A yi hattara dai da yawan ƙaro a gashi. Na sa wa wata amarya haɗin da ya yi yawa, gaban goshi ya kwanta luf, amma da ya bushe aka ɗaura ɗankwali aka cire sai fari-fari kamar amosani. Dole muka goge da ruwa muka sake. Da hunturu abin ya fi muni. Kuma Maman Twins, kabomar shi kaɗai ba ya riƙe gashi, kauri kawai yake bayarwa. Jel na kanti wani sinadari mai suna PVP suke ƙarawa, shi ke kamewa.

Maman_Twins_Dandima
Eh ina sa PVP, mantawa na yi ban faɗa ba. Abdul, mai shagon da nake saye yana da kabomar 940 da 980, wanne ya fi?

Abdul_UDUS
Wajen kauri da haske kusan ɗaya suke. Bambancin a wurin yin su ne: 940 da benzin ake sarrafa shi, shi kuma benzin an san yana jawo kansa, ko da yake ɗan burbushi ne ke saura. 980 an yi shi ne don ya maye gurbinsa ba tare da benzin ba. In duka biyun suna gabanki, ɗauki 980. Kuma ki rufe shi ruf, yana shan danshi, da damina sai ki tarar ya dunƙule.

Nurse_Rabi
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Tun sama ake maganar kauri da haske, ba wanda ya tambayi Maman Nabila me take sawa don kada ya lalace. Ruwa da alobera da zantan abinci ne ga ƙwayoyin cuta. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, da ake haura digiri 40, kwana nawa zai yi? Kuma ba sai ya yi wari ko fumfuna ne ya lalace ba. Abin da za a shafa kusa da ido ne. Na ga fuskokin da suka yi ƙuraje saboda haɗin gida, abin ba daɗin gani.

Maman_Nabila_Mabera
Anti Rabi ina sa bitamin E, kuma ina ce wa masu saye su ajiye a firij.

Nurse_Rabi
'Yar uwa bitamin E mai yake karewa daga yin ɗoyi, ba ya kashe ƙwayar cuta a ruwa. Firij kuma da wace wutar?

Anti_Mai_Sabulu
Wasu fomalin suke ɗigawa, a wurin koyon sabulu ma haka aka koya mana. Ni na daina.

Malam_Kimiyya
Gara da kika daina Anti. Fomalin yana cikin abubuwan da hukumar binciken kansa ta WHO ta tabbatar suna jawo kansa, ba abin shafawa ba ne. Cikin abubuwan hana haɗi lalacewa akwai finoksi-itanol, ba a wuce giram 1 cikin 100. Akwai Liquid Germall Plus, daga giram 0.1 zuwa 0.5 cikin 100, ana sa shi bayan haɗin ya huce. Sodiyam benzowet yana da arha, amma ba ya aiki sai haɗin yana da tsami, pH 5 ko ƙasa, don haka sai da takardar gwajin pH. Kuma lura: shi gishiri ne, zai iya sassauta jel na kabomar, zantan kuwa ba ruwansa. Wanda sana'arsa ta fara girma har yana kai wa shaguna, ya nemi rajistar NAFDAC, kayan shafa suna ƙarƙashinsu.

Sadiya_Gwiwa
To ni wata matsalar ce. Na zuba jel na zantan cikin man laushin gashi na kanti don ya ƙara yawa, sai ya kakkarye kamar nonon da ya tsinke. Shi ma jabu ne?

Abdul_UDUS
Ba jabu ba ne Yaya. Zantan da CMC da kabomar duk cajinsu iri ɗaya ne, su kuma sinadaran laushin gashi kishiyar cajin gare su, in sun haɗu sai su kama juna su dunƙule. HEC ba shi da caji, shi ake sawa a irin wannan.

Ummu_Hafsa_Arkilla
Mu koma kan tambayar farko, yadda za a gane kafin a biya. Ni yanzu ba na aiken yaro. Ina zuwa da kaina in ce a nuna mani buhun da aka ɗebo, yawanci na kilo 25 ne, in ɗauki hoton rubutun: sunan kamfani, lambar rariya, na abinci ne ko na kayan shafa, da ranar lalacewa. In ya ce buhun yana sito, in sayi giram 20 kawai in je in gwada. Masu kawowa daga Ojota a Legas ko Sabon Gari a Kano, in manya ne suna da takardar gwajin kamfani, suna turowa ta WhatsApp in an matsa.

Hajiya_Inno_Gidadawa
Wagga shawara ta yi. Ko gero aka saye sai an buɗe bakin buhu an sa hannu.

Anti_Mai_Sabulu
Buhu ma ana sake cika shi da wani abin, Ummu Hafsa. Ni gwajin kofi na fi yarda da shi.

Maman_Nabila_Mabera
'Yan uwa na dawo da labari. Na yi gwajin Malam da safe. Ya kama nan take, kumfa ta tsaya a ciki, gishiri bai tsinka shi ba, aidin bai yi shuɗi ba. Na koma shagon da yamma, ya fito da buhun, na abinci ne, 200 a jiki. Ke nan zantan ne, ba dai irin nawa na da ba. Na haɗa kofi uku: giram 1 shi kaɗai, rabin giram shi kaɗai, da rabin giram tare da ƙaron da na jiƙa. Na ukun ya fi daɗi a hannu, zaren ya ragu sosai, yana shiga fata ba ya mulmulewa. Amma haske dai babu, har ya ɗan ƙara ja saboda ƙaron. Na gashi zan iya yi da shi a roba mai duhu. Na fuska ne ban sani ba, masu saye sun saba da garau.

Zee_Kitso_RunjinSambo
Ki aiko mani da kaɗan na ukun in gwada a kan mutum biyu, in ga ko zai yi fari in ya bushe.

Maman_Twins_Dandima
Na fuskar ki yi da HEC mana, tunda yana jure alobera kuma yana fita garau.

Ummu_Hafsa_Arkilla
HEC yana ɗan mulmulewa a fuska in an ɗora hoda a kai, ni dai haka na gani. Gara ta nemo tataccen zantan ɗin ta ajiye wannan don na gashi.

Alhaji_Mai_Ƙaro
Jan da kinka gani, Hajiya, wane iri kinka jiƙa? In na dushe ne dole ya yi ja. Ki tsinci fararen dunƙulen ɗakwara, ki kankare ɓawon da ya manne, ki jiƙa da ruwan sanyi ya kwana, kada ki dafa.

Maman_Nabila_Mabera
Wanda maigidan ke haɗa tawada da shi na ɗiba Alhaji, ban san irinsa ba. Gobe in sha Allahu zan shiga kasuwa in nemi farin. Anti Rabi, finoksi-itanol ɗin kafin zantan ake zuba shi ko bayan ya kama?